Kabarin Yayana

Yayana ya rasu da hantsi, wata ranar Laraba, ana tsakiyar maimai. Shekarata ta biyu ke nan da fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a Ƙafin Maiyaƙi, ga furfura a gemu ina koyon haɗa baƙi da wasali. A ƙauyenmu ba mai karanta boko sai ni, ni ɗin ma da yatsa nake bin layi.

Kuturta ce ta fitar da shi daga gida. Da yatsunsa suka fara cinyewa ya tafi asibitin kutare na Turawan mishan, ya yi shekara bakwai a can. Ya dawo ciwon ya tsaya, amma ya zo da wani littafi mai baƙin bango, kuma ya daina zuwa masallaci. Ba wanda ya kore shi. An dai ware masa akushi, aka ce saboda cutar ne, kowa kuwa ya san ba ita kaɗai ba ce.

In na taso daga gona da la'asar nakan zauna a ƙofar ɗakinsa in karanta masa, don idonsa ya yi rauni, dungu kuma ba ya juya takarda. Akwai wuraren da ya fi so in maimaita. A nan na ji cewa Annabi Isa cikin Yahudawa aka haife shi, an yi masa kaciya yana jariri, kuma mabiyansa na farko ba sa cin naman alade, suna zuwa ɗakin ibadar Yahudawa, suna riƙe da shari'ar Annabi Musa. Yayana yakan ce su ma ba su ɗauka sun bar addinin iyayensu ba. Na san da ni yake.

Wata rana na ce masa in haka ne ya tashi mu je masallaci, ai ba nisa tsakaninmu. Ya ce da saura. Ya ce shi ya gaskata an gicciye Isa ya tashi, kuma ɗan Allah ne. Na yi istigfari na rufe littafin. Kwana uku ban leƙa shi ba, sannan na koma, don ba wani mai karanta masa.

Ranar da ya cika ni kaɗai ne a kansa. Ya nemi ruwa na ba shi, ya kira sunan Isa sau biyu, shi ke nan. Innarmu ta sa aka ɗora ruwan wanka, ta aike ni wurin liman.

Liman dattijo ne mai sanyin hali, shi ya koya mana karatun allo ni da yayana. Ya zo da kawunmu da wasu manya uku, suka zauna a zaure. Ya ce ya sha jin maganganu amma bai taɓa ji daga bakin mamacin ba, kuma ba ya hukunci da jita-jita. Ni ne mai zama da shi, in faɗa musu a kan me ya mutu. In a kan kalmar shahada ne, yanzu za a yi masa wanka da salla a kai shi maƙabarta.

Sai na ɗauko littafin. Na buɗe wuraren nan na kaciya da na alade da na shari'ar Annabi Musa, ina karantawa ina tuntuɓe, ina fatan su ishe su. Liman bai katse ni ba har na gaji. Ya ce duk wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, imanin Musulmi ba ya cika sai da Annabi Isa, kuma shi ma ya ji daga malamansa cewa mutanensa na farko Allah ɗaya suke bauta wa. Amma ba wannan ya tambaye ni ba.

"Ya ce Allah yana da ɗa?"

Ina jin tarin Inna a bayan zana. Kawu ya ce mai ciwo yakan yi sambatu, kuma mutum yakan tuba a numfashin ƙarshe, in tuna da kyau. Na gane hanya yake buɗe mini. Ba mai shaida sai ni, ba kuma mai ƙaryata ni.

"Allah gafarta malam, ya faɗa. Kuma ban ji ya janye ba."

 Liman ya ce to ba zai yi masa salla ba, maƙabarta kuma ta Musulmi ce. Amma ɗan Adam ne, dole a rufa masa asiri, kada rana ta faɗi yana waje. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Ni da kawu da wani Bafillace maƙwabcinmu muka haƙa rami a gefen gonarmu. Ƙasar ta sha ruwa, muna haƙawa tana zubowa. Da muka zo sa shi kawu ya tambaye ni ina masu addininsa suke fuskanta. Ban sani ba, ban taɓa tambayarsa ba. Muka kwantar da shi a kan damansa yana kallon gabas, yadda muka saba.

Ba wanda ya zo zaman makoki, mu ma ba mu shimfiɗa tabarma ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Bayan kwana biyu ina fita da fartanya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ai ko shiru ka yi da sun yi masa salla."

Ta ƙara shekara huɗu a duniya, a gidana take ci take sha, ba ta sake kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce da matata, kira mini mai gidan nan.