Muryar Tumba a Maƙogwarona

Shekarar da gulbi ya cika har ya cinye shinkafar fadamarmu, damina biyu ke nan bayan rijiyar gidanmu ta rufta, ni kuma ban fara azumi cikakke ba, a shekaran nan Tumba mai daddawa ta rasu wurin haihuwa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ta bar ɗiya guda, Ige, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba.

Jikata da ke rubuta mini wannan, ita ce ta tono zancen. Tana karatun wasan kwaikwayo, ta zo tana lissafa mini sunaye: jigo, salo, tauraro, kamance, wasan ban dariya daban, na ban tausayi daban. Ni ban taɓa zama aji ba, amma duk abin da ta faɗa na yi shi da bakina tun kafin a haifi uwarta, sunan ne kawai ba mu ba shi ba. Abu ɗaya na musa mata. Na ce wanda ya raba wasa gida biyu bai taɓa ganin wasa ɗaya ya juye a hannunsa ba.

Mu bakwai ne 'yan matan lungunmu. In munka gama surfe, munka kai dusa wurin awaki, sai mu taru a kangon da ke bayan gidajen, tsakanin la'asar da magariba. Wasanmu shi ne kowa ta ɗauki wata matar unguwa ta zama ita. Wata ta ɗaura tsumma a ciki, wata ta yi ɗingishi, wata ta shafa toka a gira. Ni ba na buƙatar tsumma. In na saurari mace sau biyu, to muryarta ta shiga hannuna, har da inda take jan numfashi. Kakata takan ce, "Wagga ɗiya kunnenta ɓarawo na." Ina jin daɗin maganar, ba na ɓoyewa.

Ran nan, bai fi kwana ashirin da yin sadakar arba'in ɗin Tumba ba, matan unguwa duk an rabe su, ban samu kowa ba. Sai na dafa ƙugu, na karkace wuya, na yi ɗan tarin nan na Tumba mai hayaƙin kalwa, na ja murya: "Ige! Ke Ige, ina kika shiga? Taho ki ci tuwo, 'yar nema!" 'Yan mata sunka faɗi ƙasa don dariya. Na sake yi, don na ga ya karɓu.

Sai ga Ige ta ɓullo ta ramin katanga inda awaki ke bi, gwiwarta duk ta kurje, bakinta a buɗe. Ta dube mu ɗai-ɗai. Ta leƙa bayan turmi, ta leƙa tsohon rumbu. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta kama zanena ta ce, "Yaya, ina Inna tab bi?" Babu wadda ta sake dariya.

Da na yi shiru ranar, da ya ƙare. Amma na tsuguna na nuna mata daga bakina muryar ta fito. Tun daga nan kullum sai ta biyo ni rijiya, ta rufe ido da tafin hannu ta ce, "Yi mini Inna." Ni kuwa ina yi, rabi tausayi, rabi don ban taɓa samun mai saurare irinta ba. Ta daina cin tuwo sai Tumba ta kira ta. Gwaggonta ta lura, ta kawo ƙara gidanmu. Kakata ba ta buge ni ba. Ta ce, "Kin hana ɗiyar mutane sanin uwarta ta tahi. Rufe bakinki." Na rufe. Ige ta yi mako tana bina, tana roƙo, ina kau da kai. Daga baya ta daina, ta kuma daina gaishe ni har aka kai ta ɗaki.

Yanzu yara na riƙe da waya, wanda ya mutu ma ana danna shi ya yi magana. Mu a lokacinmu murya in ta tafi ta tafi, sai abin da wani kunne ya ɓoye.

Cikin mu bakwai, ni kaɗai na rage. Gwaggon ta tafi, kangon an gina shaguna a kai. Sai Ige, tana Gidan Dahala wurin ɗanta, ido ya fara yi mata hazo. Bara munka haɗu wurin suna, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ni hwa na mance muryar Inna. Tana nan wurinki?" Na ce mata tsufa ya tafi da ita.

Ƙarya na yi. Tana nan, har da tarin, kuma na kasa sanin wanne ne zalunci, in yi wa Ige muryar ko in tafi da ita kabari.