Tafasar da Na Tsinko a Bakin Gonar Wake

Assalamu alaikum. Na jima ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labari, domin ban tabbata zan iya faɗarsa daidai ba, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Fannin abinci mai gina jiki na karanta a jami'a, ina zaune a Rogo wurin goggona, yayar mahaifina, ina jiran aiki. A Kano na tashi, Rogo kuwa sai hutu. Ni mutum ce mai tsoron kuskure, irin wadda ke karanta takarda sau uku kafin ta sa hannu. Goggo ba ta kiran sunana, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini, sai dai ta ce Uwata. Idan kuma na dame ta da zancen wanke hannu da rufe abinci, sai in koma likitar gida.

Cikin damina wata ƙungiya ta mata da matasa ta shirya bikin abinci a Karaye, wanda sharaɗinsa shi ne ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ko man shanu ba a yarda ba. Sai abin da ya tsiro daga ƙasa. Na ba da sunana a kan zan kawo kwaɗon tafasa, in kuma yi wa mata bayanin amfaninsa. Da na gaya wa Goggo, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce ikon Allah, abin da yunwa ta koya musu suna yara shi ne yau 'yan boko ke kafa wa rumfa da lasifika. Amma ta ce ko da rarrafe sai ta je, ta ga ranar da Uwata za ta yi wa duniya lacca a kan tafasa.

Ranar bikin da sassafe na fita neman ganye. Goggo ta ce in je bayan makabarta inda ba a noma, amma da na je na tarar duk ƙwari sun huhhuda shi, ni kuwa ina son abin da zai yi kyau a ido. Na ƙara gaba har bakin wata gonar wake, na ga tafasa kore shar, ko huda ɗaya babu. A kusurwar gonar akwai sanda a kafe, an kifa wata ƙaramar kwalbar roba a kanta. Ba zan ce ban gan ta ba. Na gan ta, har na ɗan tsaya, kuma kamar na ji wani wari kaɗan. Sai na ce wa kaina wataƙila alamar iyaka ce, ko abin korar tsuntsu, tun da ban taɓa jin an yi zancenta ba. Akwai wani dattijo yana noma can nesa, na yi niyyar tambayarsa, sai na ji nauyin a ce mai digiri ba ta san abin da ke bakin gona ba. Na cika buhuna na dawo.

Kuskure na biyu a madafa na yi shi. Yadda Goggo ke yi, takan dafa tafasa da 'yar kanwa, ta zubar da ruwan, ta sake ɗauraye ta, ta matse. Ni kuwa an koya mana cewa yawan dafawa na kashe amfanin ganye, don haka na ɗauraye sau ɗaya, na turara shi sama-sama a madambaci. Goggo ta leƙo ta ce wannan ai ko zufa ganyen bai yi ba. Na ce mata haka ilimi ya ce. Ta ce to, Allah ya ba ilimi haƙuri, ta koma ɗaki ɗaura ɗankwali.

Mun isa Karaye da hantsi. Filin ya cika da rumfuna, ga ɗanwake, ga awara, ga alale, ga faten rama, ga kunun gyaɗa a manyan robobi. A bakin ƙofa wani mahauci ya tsaya yana tsokanar masu shiga, wai duk wanda jiri ya ɗebe a ciki ya fito, tsirensa na nan da zafi. Saboda mun makara, teburin ƙarshe aka ba ni, kusa da wata tsohuwa daga Kafin Dafga mai dambun zogale. Mutane suna isowa wurina sun riga sun ƙoshi, sai su leƙa su ce sannu su wuce. Ina jin Goggo ta ga fuskata ta canja. Ta jawo kujera, ta ce in zuba mata, ita ba ta karya ba. Ta cinye faranti guda tana ɗaga murya tana yabo don masu wucewa su ji, ta ce a ƙara, na ƙara mata.

Bayan ta tashi zuwa gaisawa da wasu ƙawayenta ne tsohuwar nan ta miƙo hannu ta ɗauki ɗanyen ganyen da na jera don ado. Ta juya shi, ta shinshina. Ta ce 'yar nan, a ina kika samo tafasar da ƙwaro ya ji tsoronta haka? Ta ce a zamanin nan ganyen da ba huda shi ne abin gudu. Na ce a bakin gona. Ta tambaye ni ko ban ga kwalba a kan sanda ba, domin a wajensu duk wanda ya yi feshin maganin ƙwari yakan kifa kwalbar a bakin gona, don makiyaya da masu tsinkar ganye su kauce. Nan take na tuna kwalbar da na gani. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne ban ga komai ba. Ta dube ni, ta ce to madalla, ta ci gaba da sayar da dambunta.

Wannan shi ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na rufe robar kwaɗon na tura ƙarƙashin tebur, duk wanda ya zo in ce ya ƙare. Amma ban je na gaya wa Goggo ba. Na zauna ina hangenta daga nesa, ina lissafi a zuci. Wataƙila kwalbar ta bara ce. Wataƙila an yi ruwa bayan feshin. Wataƙila turarawar ta isa. Idan na yi magana aka tayar da hankalin jama'a, kuma ba komai, da wane ido zan dubi masu bikin? Duk dariyar da ta yi sai in ce ga shi nan, lafiyarta ƙalau. Duk sanda ta share goshi sai in ce shi ke nan, ya fara. Aka kira ni in yi bayani a lasifika, na tsaya ina karanto amfanin tafasa, idona na kan Goggo. Kusan awa biyu na yi a haka.

Muna idar da sallar Azahar ta ce mini cikinta na murɗa. Kafin in naɗe sallaya ta fara amai, gumi ya jiƙa mata riga, yawu na zuba ba ta iya tsayar da shi. Mata suka taru ana salati. Aka samo mota aka kai ta asibiti, tsohuwar Kafin Dafga ta bar dambunta ta biyo mu, ban san dalili ba a lokacin. Likitan ya duba idon Goggo, ya saurari ƙirjinta, ya tambaya me ta ci. Nan take bakuna suka yi yawa. Wata ta ce awara ce, ai tun safe ta ga man bai yi mata ba. Wani ya ce dama wa ya taɓa ganin biki ba nama ya ƙare lafiya. Likitan ya juyo gare ni ya ce ke ce 'yarta, me ta ci? Na ce abubuwa da yawa. Allah ya gani, haka na ce, numfashinta na fita da ƙara a gabana.

Sai tsohuwar nan ta kama hannuna ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce 'yata, ni ban yi boko ba, amma na san fuskar wanda ya ga kwalba. Ta ce kunya ana wanke ta, gawa kuwa wanka ɗaya ake yi mata. Na koma wurin likitan ina kuka na faɗi komai, da sandar, da warin, da turarawar. Bai zage ni ba, ya ce dai yana buƙatar sanin irin maganin yanzu-yanzu. Da na kwatanta gonar, wata ƙawar Goggo, ita ma 'yar Rogo, ta gane mai ita, aka kira shi a waya. Ya ce jiya da yamma ya yi feshi, ya kuma kifa kwalba kamar yadda aka saba, wa zai tsinki ganye a nan? Ya ɗauki hoton kwalbar ya turo. Likitan na gani ya sa aka kawo wata allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Ya ce da tun farko aka faɗa, da aikin ya fi sauƙi. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Kwana uku Goggo ta yi a kwance. Ranar da ta iya zama, na durƙusa na gaya mata duk abin da na ɓoye, har awa biyun nan. Sai ta ce ita ma tana da nata. Wai tun lomar farko ta ji wani ɗaci da ba na tafasa ba, har da wari kamar na kananzir, amma ta ga mutane na wuce Uwata, ta ce ba za a kunyata uwarta a garin mutane tana zaune ba. Ta ce ashe mu biyu muka haɗu muka kusa kashe tsohuwa ɗaya, ke da kunya, ni da kara. Ta yi dariya, ni na kasa.

Ta warke, alhamdu lillahi, sai dai tun daga nan hannunta na ɗan rawa idan ta ɗauki kofi. Ita ta ce tsufa ne. Mai yiwuwa haka ne, ban sani ba, kuma ban jin zan taɓa sani. Ba na ɗora laifi a kan bikin, ko manomin da ya yi abin da ya kamata, ko tafasar da iyayenmu suka rayu a kanta. Abin da na fahimta shi ne karatuna ya koya mini abin da ke cikin ganye, bai koya mini abin da ke bakin gona ba, kuma na ƙi tambayar waɗanda suka sani. Ina roƙon 'yan'uwana, musamman mu da muka tashi a birni muke komawa gida da takarda, idan kun ga alamar da ba ku gane ba, ku tambaya ko za a yi muku dariya. Ku guji ganyen da ke bakin gonar da ake feshi. In kuma kuskuren ya riga ya auku, ku faɗa a minti na farko, kafin zuciya ta fara kawo muku wataƙila. Har yau ni nake riƙe wa Goggo kofi idan za ta sha koko, kuma kullum sai na tuna awa biyun nan.