Takardar da Kawu Tsatsa Ya Ɓoye

Hazel ta fara jin sunan Clive ne a bakin kakarta. Duk ranar da tukunya ta suɓuce ta faɗi a kicin, sai tsohuwar ta ce, "To, Clive ya dawo." Sai da ta yi wayo ta gane ba aljani ba ne, yayan mahaifiyarta ne.

A garin Bradford, a shekarar 1977, Tsatsa ake ce masa. Shi ke kaɗa ganguna a ƙungiyar wasu samari huɗu masu kiɗan pank, kiɗan da duk alfaharinsa a ce ba ka iya ba. Su yayyaga riga su hau dandamali, 'yan kallo na tofa musu yawu don tsabar ƙauna. Tsatsa ya kurma ihu, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu!" ya rufe gangunan da duka kamar sun zagi uwarsa. Makaɗan da suka biyo baya sun yi shekaru suna kwaikwayon rashin iyawarsa.

Yanzu kunne ɗaya ya mutu, sumar da yake miƙarwa da sabulu ta zube. Gidan tarihin garin ya nemi kayansa, har sun rubuta a allo: "Bai taɓa koyo wurin kowa ba." Aka sa Hazel, mai ajiye hotunan dangi, ta tattaro. A ƙasan gwangwanin biskit ta tarar da takardar shaida: Clive Ackroyd, shekara bakwai a ƙungiyar kiɗan coci, na ɗaya a jarrabawa.

Ta kai masa.

"Kawu, ashe ka iya?"

"Rage murya, ja'ira!"

"Kai da ba ka ji, ni zan rage murya?"

"Kin san wahalar da na sha kafin in iya ɓata kiɗa? Hannun nan da kansa yake komawa daidai. Sauran ukun su kam rashin iyawarsu baiwa ce, haka aka haife su."

"Gaskiya fa mutanen gidan tarihin suke so."

"Mutuncina ke nan, Hazel. Ba ni da wani."

Ya karɓi takardar, ya shafe lanƙwasar da tafin hannu, ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa mata.

"Kada ki ƙona, kakarki har kuka ta yi ranar da aka ba ni. Ki mayar cikin gwangwanin. In na mutu suka tambaye ki, don Allah ki ce musu kawunki bai san komai ba."