Ramar da ke Bayan Tankin Ruwa

A shekarun da na yi ina tuƙa motar kai kaya a Riyadh, a unguwar Manfuha na zauna, a hawa na uku na wani tsohon gini da fentinsa ya gama zubewa. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wani ɗan garinmu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, amma Yaya yake ce mini, ni ma ƙane na ɗauke shi. Mutum ne mai albarkar hannu, duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau. Sai dai tun da ya faɗo daga tsani a wani gida a unguwar Al-Shifa ya bugu a ƙugu, barci ya ƙaurace masa, fara'arsa ma ta ragu.

Da sanyi ya shigo sai ya fara shuka a saman ginin. Ya tattaro tsofaffin bokitan fenti, ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa. Ya sa na'a-na'a, ya sa barkono da tumatir. Na ji daɗin abin, don na ga ya sami abin da zai ɗauke masa hankali daga ciwo.

Wata Juma'a bayan la'asar na hau shanya kaya, sai na hangi wasu bokitai biyu da ya ware, ya cusa su tsakanin tankin ruwa da katanga, inda ba a gani sai an leƙa. Shukar ta kai gwiwata, ganyenta a rarrabe kamar yatsu.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Rama ce, Yaya. Bari ta girma mu yi kwaɗo. Ai har yanzu akwai sauran ƙuli-ƙuli."

Na yarda. Wanda ya san rama ya san haka ganyenta yake. Har na yi masa addu'ar Allah Ya sa albarka.

Wari ne ya tona maganar. Bayan 'yan makonni na sake hawa, tun daga matakalar ƙarshe ya tare ni, wani wari mai nauyi, mai maƙalewa a maƙogwaro. Na san shi. Shi ne yake tasowa daga bayan tashar motar garinmu, inda 'yan kamasho ke fakewa. Na tsaya riƙe da kwandon wanki.

Ƙanen nawa yana tsugune a bayan tankin, riƙe da wani ɗan madubin ƙara girma da ya aro wurin masu gyaran waya a kasuwar Batha, yana duba kan shukar kamar likita da marar lafiya.

Na ce, "Kai, wiwi ka shuka mana a kan gida?"

Bai musa ba. Ya ce, "Yi a hankali, Yaya, murya na sauka ƙasa."

"Ka san ƙasar da muke kuwa? Ka san abin da ake yi wa mutum a nan a kan wannan abin?"

"Ba sayarwa zan yi ba. Wallahi ba sayarwa zan yi ba. Barci nake nema. Kai shaida ne, ka ga yadda nake kwana."

Na ce ya tumɓuke ta yanzu, a gabana. Sai ya jawo hannuna, ya miƙa mini madubin. Ya nuna mini wasu siraran gashi a kan furen, farare tas. Ya ce sai sun rine sun yi ja tukuna. Idan ya yanke yanzu, ya yi wahalar banza, ya ɗauki kasada a kan ciyawa kawai.

"Ba ta nuna ba, Yaya. Kwana kaɗan ya rage. Da ta nuna zan cire, ba za ka ƙara ganin ta ba."

Daga ranar rayuwata ta koma jiran nunar abin da ban shuka ba. Kullum idan ya sauko sai in dubi fuskarsa, shi kuma ya girgiza kai. Ba ta nuna ba. Ina tuƙi a titi in hangi motar 'yan sanda a madubi, sai in ji zufa ta karyo mini cikin sanyin nan. A shingen bincike na taɓa miƙa iƙamata, wato katin izinin zama, tun kafin a tambaye ni, har ɗan sandan ya tsaya ya ƙare mini kallo kafin ya ce in wuce. Na yi tunanin in hau in tumɓuke ta da kaina. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofar saman, in tarar ya sa mata sabon kwaɗo, makullin na aljihunsa.

Ginin yana da haris, wato mai gadi, wani dattijo ɗan Sudan mai farin rawani, wanda ke zama a kan kujerar roba a bakin ƙofa da kofin shayinsa. Ba ya yawan magana, amma ba abin da ke wuce shi. Wata safiya ina fita ya amsa sallamata, sannan ya ce cikin Larabci, a hankali, "Lambun ɗan'uwanka yana da ƙamshi bana."

Na ce na'a-na'a ce.

Ya kurɓi shayi. Ya ce, "Na'a-na'a. Madalla." Sai ya ƙara da cewa mai gidan ya aiko, za a zo a canja tankin ruwa, don ya tsage ta ƙasa. A buɗe ƙofar saman.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Bukra, in sha Allah."

Gobe ke nan. Amma goben garin nan tana iya zama gobe, tana iya zama wata mai zuwa. Na kira ƙanen nawa a waya ina tsaye a gefen titi, na ce ya bar duk abin da yake yi ya dawo. Ya dawo, ya hau, ya daɗe. Da ya sauko sai ya ce rabi sun yi ja, rabi ba su yi ba.

Na ce, "Ina ruwana da ja da fari? Mutane za su hau gobe!"

"Ba za su zo gobe ba. Na san masu aikin nan, ni ma irinsu ne."

Ba su zo ba kuwa. Washegari ma ba su zo ba. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ni kuma ya ƙara mini fargaba. Haris yana nan kan kujerarsa, kullum in wuce sai ya ce mini bukra, yana kallon tsakiyar idona. Har yau ban san ko gargaɗi yake yi mini don tausayi ba, ko kuwa jira yake ya ga abin da za mu yi.

Ranar da suka zo, da hantsi suka zo. Na jiyo ƙarar babbar mota a ƙasa, na leƙa ta taga na ga sabon tanki fari a bayanta, mutane uku suna kwance igiya. Kafin in juyo ƙanen nawa ya riga ya fice da wuƙar kicin, ya yi sama. Ya dawo da baƙar leda a hammata, numfashinsa na fita sama-sama, warin ya cika ɗakin nan take.

Na ce, "Zuba ta a masai. Yanzu."

Ya ce, "Yaya, wata nawa ina renon ta."

Ya tura ledar cikin jakar kayan aikinsa, ya ɗora mata sifana da tiyon gas, ya zuge. Ya ce akwai wani kango da suke aiki a bayan gari, can zai shanya ta. Na riƙe hannun jakar, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba. Ta taga na ga ya wuce ta gaban haris, ya ɗaga masa hannu. Dattijon bai ɗaga nasa ba.

Bai dawo ranar ba. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Na wanke ɗakin da sabulu, na turara shi da turaren wuta, na zubar da ƙasar bokitan a juji mai nisa. Na ci gaba da zuwa aiki, don ban san wani abin da zan yi ba.

Ana cikin haka, wata rana bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jami'an tsaro biyu ne cikin fararen riguna, ƙanen nawa kuma a tsakiyarsu, hannuwansa a haɗe a gaba. Ya rame, leɓensa ya bushe. A shingen bincike na hanyar fita gari aka tare shi tun a ranar. Suka birkice katifu, suka zazzage akwatuna, suka karɓi iƙamata suka daɗe suna juya ta. Ɗayan ya nuna ni, ya tambaye shi wane ne wannan.

Ya ce, "Maƙwabcin ɗaki ne kawai. Bai san komai ba. Na ce masa ganyen miya ne."

Bai dube ni ba har suka fita da shi. Duk da haka sai da aka kira ni ofishinsu, na yini ina amsa tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban, sannan kafilina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya zo ya sa hannu aka sake ni.

An yanke masa ɗauri, aka ce idan ya gama za a mayar da shi gida, ba zai ƙara shigowa ƙasar ba. Na tattara kayansa na aikin gyara na kai wa wani abokin sana'arsa ya ajiye. Kafin watan ya ƙare na bar Manfuha.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne mahaifiyarsa. Ta samo lambata, ta riƙa aiko mini da saƙon murya, tana cewa ɗana, ƙanenka ya yi shiru, ko jikin ne ya tashi? Na daɗe ina ce mata aiki ne ya kai shi wajen gari, inda babu sabis. Daga baya na kira babban wansa na gaya masa gaskiya, na ce ya san yadda zai faɗa mata. Tun daga ranar ba ta sake aiko mini da saƙo ba.