Yadda Ghino majemi ya shiga gefen mata

Lokacin da Ghino majemi ya ba da kansa ga asibitin garinmu, wurin ma bai gama zama asibiti ba, gida ne kawai jikin coci a bakin hanyar masu ziyara zuwa Rum, limamai suka jera gadajen ciyawa, duk wanda ƙafa ta kumbura masa ko zazzaɓi ya kayar sai a kwantar da shi a riƙa ba shi burodi da romon wake har ya tashi ko ya mutu. To a lokacin in ka tsufa ba ɗa ba jika sai ka je ka durƙusa gaban shugaban gidan ka sa hannuwanka cikin nasa ka ce na ba da kaina da duk abin da na mallaka, shi ke nan an ɗauki cinka da shanka har kabari, kai kuma ka yi wa marasa lafiya hidima. Ghino da matarsa Monna Bilia suka durƙusa tare, suka ba da gida da ramukan jima da 'yar gonar zaitun, aka ba su riguna masu ruwan ƙasa. Abin da Ghino bai tambaya ba shi ne inda za su kwana.

Ashe maza gefensu daban, mata gefensu daban, ga katanga, ga ƙofa mai sakata.

Ya ce wa shugaban, Messer Ranuccio, "Ranka ya daɗe, ai matata ce."

"A da ke nan. Yanzu 'yar'uwarka ce."

Bilia ta ce, "Ku tafi da shi ranka ya daɗe, tun ina yarinya nake shaƙar warin fata, bari hancina ya huta."

Sai ya zama ba sa haɗuwa sai ran Lahadi a coci, ita can shi nan, ta harare shi ta nuna masa wuyan rigarsa ya karkace, ya gyara, da wannan yake rayuwa har wata Lahadin. Da sanyi ya shigo ƙirji ya kama ta aka kwantar da ita ɗakin mata marasa lafiya, cocin ma ta daina zuwa. Ya roƙa a bar shi ya leƙa ta aka ce maza biyu kaɗai ke shiga can, limami da mai ɗaukar gawa. Ya ce to a ba shi limancin. Aka ce ya iya karatu? Ya ce a'a.

Shi kuwa Ghino tsoron gawa yake, jana'izar ubansa ma daga bayan bishiya ya kalle ta, amma ya karɓi makara. Sai kuma matan suka ƙi mutuwa. Kullum da safe yana bakin ƙofa yana tambayar mai gadin ƙofar, wata doguwa Monna Nera, yaya masu jiki, ta ce da sauƙi, ya ce madalla ya juya fuska a murtuke. Kuma ga wani abin, duk ranar da aka kira shi bai san ko Biliar ce zai ɗauko ba.

Ran nan aka zare sakata, Nera ta ce kawo makararka. Bai tambayi wace ce ba. Ya shiga, ya ga gadon da aka lulluɓe, ya kasa ƙarasawa.

Daga gadon gefe aka ce, "Kai tsoho, ba ni ba ce, ka yi sammako, ban gama ba tukuna. Wata Bafaranshiya ce, ziyara za ta."

Ya juya, ashe Bilia ce. Ta rame, amma bakin na nan.

Ya ce, "Ke kam ko mutuwa ba ta son hayaniyarki."

"Kama ta ta kafaɗa, ba fatar saniya ba ce. Kana cin abinci kuwa? Dubi wuyanka kamar na kaza."

Ya ɗauki Bafaranshiyar yana tafiya a hankali, wai saboda girmama mamaciya.

Da bazara ta yi Bilia ta miƙe, ta je wajen Messer Ranuccio ta ce ita fa wankan gawar mata take so, aikin da kowa ke gudu. Ya gane nufinta, ya ba ta. Daga nan duk macen da ta mutu a gidan ita za ta wanke shi ya ɗauka, suna faɗa kan wa ya karkace likkafani. Haka suka yi shekaru, kuma matan gidan ba wadda aka taɓa binnewa cikin shiru.