Malam Elkana da Awakin Jibiya

Malam Elkana mutumin Bugaje ne, dogo, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron ya tashi ƙasa daga barci. Da ya bar koyarwa a firamare sai ya jingina allonsa a gindin darbejiya kusa da shingen iyaka, yana koya wa 'ya'yan direbobi Turanci da la'asar. Ajin nan shi ne gonarsa, shi ne hirarsa.

Doka ɗaya gare shi: kada ɗalibi ya ƙaga jimla. Abin da idonka ya gani jiya, shi za ka faɗa da Turanci, a tsaye, da ƙarfi. Shekaru aka yi ana jin labarin motocin albasa da raƙuma, masu shayi na gefe suna gyaɗa kai.

Sai Shari'a ta zo, aka rufe mashaya, waɗansu magidanta suka soma samun uzuri a Nijar duk Asabar. Ran nan Salmatu, ɗiyar Bawa direba, ta miƙe ta ce babanta ya je Maraɗi da mota, ya dawo a amalanke yana waƙa. Malam ya yaba tsarin jimlar, ya sa aji ya maimaita sau uku. Wani mai shayi ya fassara wa jama'a.

Kafin mako ya zagayo, iyaye suka janye 'ya'yansu, bencin ajin ya koma wurin hutun kaji. Malam ya je ya sami Bawa a tasha.

"Bawa, ina ɗiyata?"

"Tana gida, Malam. Turanci na ce ka koya mata, ba aikin Hisba ba."

"Ai jimlar ba ta da kuskure ko ɗaya."

"Shi ne abin da ya dame ni."

Malam ya daɗe yana murza alli a tafin hannunsa. Ƙarya dai ba zai koyar ba, aji kuma ba zai bari ya mutu ba. Ya ce daga yau dokar faɗin abin da ido ya gani tana nan, amma a kan awaki kaɗai. Bawa ya nemi a haɗa da tumaki, aka haɗa. Yara suka dawo.

Har yau, in ka tambayi ɗalibin Malam labarin mahaifinsa da Turanci, sai ya kama sosa ƙeya. Tambaye shi akuya, ka nemi wurin zama.