Baba Kar-a-goge

Kafin masu shaguna su gama sharar ƙofa, shi ya riga ya buɗe rumfarsa. Zai shimfiɗa farin tawul a tebur, ya jera kayan kwance waya, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai ƙugi kamar injin niƙa. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda ido ya fara yi masa gardama, 'yarsa ta biyu ce za ta gaji teburin.

Mutanen layin ne suka laƙaba masa Baba Kar-a-goge. Idan waya ta sabunta manhaja ta rikice, yawancin masu gyara magani ɗaya suka sani: a goge komai. Shi kuwa ba ya taɓa waya sai ya yi tambaya uku. Me ke ciki da ba za a iya rasawa ba? Wa ya danna? Caji nawa ne a lokacin? Telan da ke maƙwabtaka da shi shaida ne, da haka aka ceto masa awon mutanensa kaf.

Ni tambaya ta biyu ce ta tona mini asiri. Wayar Goggona ta nuna saƙon sabuntawa, ni sarkin iyawa na karɓa na danna, alhali caji saura kashi shida. Ana tsakiyar aiki ta mutu. Da aka kunna, sai tambarin kamfani ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace. Masu gyara biyu suka ce sai an goge. Goggo ta ce sai dai a goge ni.

Muka nufi rumfar Baba.

"Hajiya, me ke ciki?"

"Muryar maigidana, Allah ya jiƙansa. Saƙo ɗaya ne tak, kuma babu shi ko'ina."

"To ai amana kika kawo. Wa ya danna?"

Goggo ta nuno ni da baki. "Ga ɗan bokon nan."

"Caji fa?"

Na faɗa a hankali. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, kai za ka kama doguwar hanya da mota babu mai?"

Bai yi alkawarin komai ba, ya dai ce ba zai goge ba. Ya bar wayar ta sha caji, ya danne maɓallai biyu, ya share tarkacen da sabuntawar ta bari. Ta ƙi. Washegari ya nemo manhajar da ta dace da samfurin wayar, ya ɗora ta a hankali ba tare da ya taɓa ajiyar ciki ba. Muna tsaye allo ya buɗe. Goggo ta laluba da yatsa, sai ga muryar Kawu, marigayi mijinta, tana faɗa:

"Wai ina kika ajiye mini makullin babur ne? Kullum sai kin canza masa wuri!"

Goggo ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Yana aljihunka, Malam. Kullum yana aljihunka."

Wallahi ni ma sai da na juya baya na share ido. Baba ya kwafe saƙon a katin ajiya ya damƙa mata, ya kuma kafa mini dokar kada in sake taɓa wayarta.

Kai ne mai haƙurin da ya fi ƙarfin taurin kan na'ura, Baba. Kai ne ka san ba ƙarfe da gilashi kawai ake kawo maka ba. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka lafiya, ya sa wa 'yarka albarka.

Ku kuma masu gyara, ku yi koyi da shi, ku tambaya kafin ku goge. Saboda tambayar nan tasa, har yau kowace safiya Kawu yana neman makullinsa, Goggo tana ba shi amsa.